Madubin bindiga: gwajin harbi ko karfen daurewa?

Masu raka mafarauta a dazukan Benuwe da Faro na arewacin Kamaru sun san matsalar, ka saita madubin bindiga a Garwa lafiya lau, mota ta yi ta jijjiga a hanyar daji, kafin ka isa saiti ya goce kai ba ka sani ba.

Hanyar da aka saba gwada madubi ita ce harbi, ka kafa takarda a mita 100 ka saki harsashi uku ka ga inda suka taru. Amma harsashi da tsada, kuma in sun watse wa za ka zarga, madubi ne ko iska ko hannunka da ya yi rawa?

Dayar kuwa ka sa mai walda ya hada maka karfe mai nauyi da baya motsi ko kadan, ka daure madubin a kai yana kallon takarda mai layuka na santimita daya daya, ka yi alama inda giciyen da ke cikin madubin ya tsaya, sai ka bubbuga shi da gudumar roba, ka murda maballan saita sama da gefe na madubin ka dawo da su ka sake lekawa. Madubi mai kwata MOA (ma'aunin kusurwa da ake saita madubi da shi) ko wane danna daya na maballi kusan milimita 7 ne a mita 100, in bai koma kan alama ba to laifin cikinsa ne. Ni na fi son wannan wallahi, ba ya cin harsashi. Sai dai gudumar roba ba ta kai bugun bindiga ba, kuma in sukurorin da ke rike madubin a jikin bindiga ne suka saki, harbi kadai zai nuna maka.