Yaya, ga abin da na gano kan maganin gwiwar nan

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya. Ka ce in bincika maka aikin da ka ji ana yi wa masu ciwon gwiwa ba tare da yanka ba, ko zai dace da Inna. Na bincika, har na raka wani abokin aikina nan Tokiyo ranar da aka yi masa.

Wani likitan Japan ne, Yuji Okuno, ya fito da hanyar. Abin da ya lura da shi shi ne, gaɓar da ta daɗe tana ciwo takan tsirar da wasu ƙananan jijiyoyin jini da ba su da amfani, jijiyoyin jin zafi kuma su bi su su yaɗu. A hoto sai ka gansu kamar hayaƙi, shi ya sa Japanawa ke ce musu moyamoya. To, su ake toshewa.

Ba a sa abokina barci ba. Allurar kashe zafi aka yi masa a matsematsi, aka zura siririn bututu ta jijiyar jini har gwiwa, likita na kallon hanyarsa a allo. Da aka kai wurin, aka saki wasu ƙananan ƙwayoyi suka toshe jijiyoyin. Abin da ya ba ni mamaki, ƙwayoyin nan garin wani maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, imipenem, wanda kan narke daga baya. Da yamma da ƙafarsa ya koma gida. Fatar gwiwar ta ɗan canza launi na 'yan kwanaki, ta washe. Yanzu yana hawa matakalar jirgin ƙasa ba ya dafa ƙarfe.

Sai dai aljihu ya ji jiki. A nan inshorar lafiya kan ɗauki kashi 70 cikin 100 na kuɗin asibiti, amma wannan aikin ba ya cikin lissafinta, kai za ka biya duka. Ingila kuwa taka-tsantsan suka yi: a 2021 NICE, hukumar da ke tantance hanyoyin magani a can, ta ce kada a yi shi sai a cikin bincike, don hujjar ba ta kai ba. Ni dai ban ga laifinsu ba.

Ga inda nake so ka tsaya, Yaya. Aikin yana iya rage zafi, amma ba ya mayar da guringuntsin da ya cinye. Ya fi yi wa wanda ciwonsa bai yi nisa ba. Idan ƙashi ya riga ya fara gogar ƙashi, zancen ya koma na sauya gwiwa.

Saboda haka kada ka faɗa wa Inna komai tukuna. A ɗauki hoton gwiwoyin biyu tana tsaye, ka turo mini ta WhatsApp, in nuna wa likitan abokina. Ka gaishe ta da jiki.