Wane fetur ya dace da a-kori-kura mai turbo a Legas?

Wanda ya fito da Ford F-150 mai injin turbo na EcoBoost daga tashar jiragen ruwa ta Tin Can, ko Toyota Tundra ta 2022 zuwa sama, ko Ranger mai lita 2.3, tambayarsa ta farko ba ta wuce wannan: fetur ɗin da kowa ke sha zai ishe ta, ko sai an nemo mata mai tsada? Masu Hilux irin wadda aka saba gani a nan su kwantar da hankalinsu. Mai turbo ɗin dizal take sha, mai fetur ɗin lita 2.7 kuma ba ta da turbo.

A fara da sunan da ke ruɗa mutane. Fetur a Najeriya PMS ake ce masa, wato Premium Motor Spirit, sai wasu su ɗauka ai shi ne mai daraja ta sama da littafin mota ke nufi. Suna ne kawai. Abin dubawa shi ne lambar oktan, ma'aunin yadda fetur ke jure matsi da zafi ba tare da ya kama wuta da kansa ba. Kuma ma'aunin iri biyu ne. Mu da Turai da RON muke aiki, Amurka kuwa matsakaicin RON da MON (wani gwajin da ya fi tsanani, mai ba da lamba ƙasa da ta RON) take rubutawa a famfo, shi ya sa lambarta ke ƙasa da tamu da maki 4 zuwa 6. Saboda haka 87 na Amurka ya yi daidai da 91 ko 92 a RON, 91 nasu wajen 95 ne, 93 nasu kuma wajen 98. Fetur ɗinmu na gidan mai yana wajen 91 RON, wato daidai da na yau da kullum a Amurka, mai lamba 87. A nan ake yawan tafka kuskure: mutum ya ga 91 a littafin motar da ta fito daga Amurka, ya ji an ce man Najeriya 91 ne, ya ce shi ke nan an dace. Ba a dace ba, akwai giɓin maki huɗu.

Turbo yana cusa iska mai yawa cikin silinda, iskar da aka matse kuma zafi take yi. Idan fetur bai da juriya, bayan fulogi ya ba da wuta sai ragowar haɗin da ke gefe ya fashe da kansa. Ƙarar da yake yi kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana girgizawa, kuma an fi jin ta idan aka taka totur a giya babba da kaya a baya. Wannan ba shi ne abin da bakanike ke nufi da inji ya buga ba, amma idan ya daɗe can yake kaiwa: gefen fistin ya tsage, zobe ya karye, bakin fulogi ya narke.

Injinan zamani suna da na'urar da ke sauraron wannan ƙwanƙwasa. Da ta ji, kwamfutar mota sai ta jinkirta wutar fulogi, ta rage matsin turbo, wani lokaci ta ƙara mai don sanyaya silinda. Inji ya tsira, amma ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru, hayaƙi ya ƙara zafi. Legas kuma ta haɗa duk abin da ke jawo haka. Gari ne a bakin teku, iskarsa mai kauri, ga zafi. Ka ɗauki motar da ta yi awa guda a gosulon Apapa zuwa Oshodi da AC a kunne: na'urar sanyaya iskar turbo ta ɗumame don babu iskar da ke ratsa ta, hanya na buɗewa direba ya danna totur har ƙasa. A wannan daƙiƙar ce fetur ke nuna halinsa.

To wanne za a zaɓa? Buɗe murfin tanki da littafin motar, ka bambance tsakanin abin da aka wajabta da abin da aka ba da shawara. Ford ta ce F-150 mai EcoBoost 2.7 ko 3.5 tana aiki da 87 na Amurka, amma ta ba da shawarar 91 nasu ko sama don samun cikakken ƙarfi, musamman a zafi ko lokacin jan tirela. Tundra da Tacoma masu turbo, da Silverado mai 2.7, duk 87 aka rubuta musu. Irin waɗannan, idan zirga-zirgar gari ce daga Agege zuwa Ikeja babu kaya, fetur na yau da kullum mai tsabta ya wadatar, ƙarin kuɗi ba zai sayo maka komai da za ka ji ba. Amma mai lodin buhuna daga Mile 12, ko mai jan tirelar dabbobi daga Kara, in ya samu 95 RON na gaskiya ya saya. In kuwa injin an wajabta masa mai daraja ta sama, shawararmu ita ce kada a sayi motar sai an san inda za a riƙa samun man.

Akwai tarkon da ya kamata mai sayen tokunbo, wato motar da aka yi amfani da ita a ƙasar waje, ya sani. Wasu masu motocin a Amurka suna sauya manhajar kwamfutar inji don ƙarin ƙarfi, a saita ta a kan 93 nasu. Irin wannan mota fetur ɗinmu guba ne a gare ta. A sa mai na'urar bincike ya duba, a mayar da manhajar kamfani kafin a fara aiki da ita.

Yawancin gidajen mai a Legas fetur iri ɗaya suke sayarwa. In ka ga famfo mai wani suna na musamman da ƙarin farashi, tambayi lambar RON ɗinsa. Sau da yawa sinadarin wanke nozil aka ƙara, abu ne mai amfani amma ba ya ɗaga oktan. In oktan ɗin da gaske ne, haɗawa ba laifi: rabin tanki 91 da rabi 95 yana ba da kusan 93. Lissafin riba kuma mai sauƙi ne. Cika tanki, rubuta kilomita, sake cikawa, raba kilomita da lita. Yi haka tanki uku da kowane iri a hanya ɗaya, domin kwamfuta na ɗaukar lokaci kafin ta saba. In man ya fi tsada da kashi 10 cikin 100 amma tafiyar da ya ƙara ba ta kai haka ba, kuɗin ƙarfi da kariya ka biya, ba na tsimi ba. A tankin F-150 mai lita 136, bambancin ba ƙarami ba ne, balle tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023.

Kwalaben ƙarin oktan da ake sayarwa a kasuwar kayan mota ta Ladipo, a yi hattara. Maki ɗaya a rubutun yawancinsu kashi ɗaya cikin goma ne na lamba guda, wato maki 5 na nufin 91 ya koma 91.5. Masu sinadarin MMT kuma suna barin tsatsa mai ruwan ƙasa-ƙasa a fulogi da na'urar auna iskar salansa.

Wani babban abin da ke kashe waɗannan injina a nan shi ne gurɓataccen mai. Mutanen Legas ba su manta watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan methanol motoci suka yi ta lalacewa. Fetur da aka yi wa algus da kananzir oktan ɗinsa faɗuwa yake ƙasa warwas, don haka man 'yan bumburutu na jarka bai kamata ya kusanci injin turbo ba. A riƙe gidan mai ɗaya mai yawan ciniki, a guji shan mai lokacin da tanka ke sauke kaya, don laka da ruwan ƙasan rumbu suna tasowa, musamman da damina.

Sai baƙin mai. Injin turbo mai fesa fetur kai tsaye cikin silinda yana da wata cuta ta kamawar wuta kafin lokaci idan inji na juyawa a hankali kuma an taka shi da ƙarfi, kuma irin baƙin man da aka zuba yana da hannu a ciki. A nemi mai alamar API SP, ƙa'idar da ta fito a 2020, da kaurin da littafi ya ce. A wanke lakar da ta toshe gaban na'urar sanyaya iska bayan kowane ruwa mai yawa. In fitilar inji ta fara ƙiftawa lokacin da aka taka totur, a sassauta ƙafa nan take, a kai a duba fulogi da koyil ranar, kada a jira sabis na gaba.