Hayar Suna ko Gina Naka: Abin Dubawa Kafin Ka Zuba Jari a Gidan Abincin Gaggawa

Wanda ya tara jari yana son shiga harkar abincin gaggawa, hanyoyi uku ne a gabansa. Ko ya sayi izinin buɗe reshe da sunan babban kamfani, wato faranchayis, ko ya gudanar da reshen da kamfani ya mallaka, ko ya kafa nasa daga tushe. Ana yawan cewa na ukun ne kaɗai ɗan kasuwa na haƙiƙa, sauran 'yan amshin shata ne. Ban yarda da haka ba, sai dai akwai ƙamshin gaskiya a maganar, kuma gara ka san inda take kafin ka sa hannu a takarda.

Mu fara da McDonald's a Amurka. Kuɗin izini dala 45,000 ne, yarjejeniyar kuma ta shekara 20 ce. Amma wannan somin taɓi ne, domin sai ka nuna kana da ɗaruruwan dubban daloli naka na kanka, ba na rance ba. Bayan ka buɗe, kamfani zai riƙa karɓar kashi 4 cikin ɗari na cinikinka, an kuma ɗaga shi zuwa 5 ga sababbin rassa daga 2024. Ga kuɗin talla, ga kuɗin haya, tunda galibi filin da ginin suna hannun kamfanin. Abin da kake saya shi ne suna da tsari: ranar da ka buɗe ƙofa mutane sun riga sun san abin da za su ci. Abin da ka sallama kuwa shi ne ikon yanke shawara. Ba kai za ka zaɓi wanda zai kawo maka nama ba, kuma idan aka ce a sake fasalin shago, za ka yi ko da aljihunka bai shirya ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Subway, mai sayar da sanwici, ta fi sauƙin shiga, dala 15,000, shi ya sa masu ƙaramin ƙarfi suka yi ta tururuwa. To amma duba lissafin: kashi 8 na kamfani, kashi 4.5 na talla. Duk dala 100 da ta shiga akwatin kuɗi, 12.5 ta tafi kafin ka biya ma'aikaci ko wuta. Ka lura da kyau, daga ciniki ake cirewa, ba daga riba ba. Watan da kayan masarufi suka yi tsada ka tashi ba ko sisi, kamfani ya riga ya karɓi nasa. Rassan Subway a Amurka sun kai wajen 27,000 a 2015, daga nan aka rufe dubbai, kuma ɗaya daga cikin koke-koken masu rassan shi ne an bari shaguna sun yi kusa da juna har suna cin kasuwar 'yan'uwansu.

Hanya ta biyu ita ce irin ta Chick-fil-A, mai sayar da abincin kaza a Amurka. Dala 10,000 kacal za ka biya, kamfani ya gina shago ya zuba kayan aiki. Zai ɗauki kashi 15 na ciniki da rabin ribar da ta rage. Shagon ba naka ba ne, ba za ka iya sayar da shi ba, ba ka da abin bar wa magada. Ga mai ƙwazo da ba shi da jari, dama ce mai kyau, amma ya san ta fi kusa da shugabancin aiki mai tsoka fiye da mallaka.

Kafa naka kuwa ba ya bukatar dogon bayani. Ba wanda zai karɓi kaso, ba kuma wanda zai kawo maka mai saye ko ɗaya. Fred DeLuca yana ɗan shekara 17 ya buɗe shagon da ya zama Subway a 1965 da dala 1,000 ta wani abokin iyalinsu, Peter Buck. Irin wannan labarin ake yaɗawa, waɗanda suka rufe a shekarar farko ba a jin ɗuriyarsu.

Abin da ya sa nake kare masu rassa shi ne tarihin McDonald's kansa. Big Mac, shahararriyar burgarsu, ba daga hedkwata ta fito ba, wani mai reshe ne a yankin Pittsburgh, Jim Delligatti, ya ƙirƙiro ta a 1967. Lou Groen a Cincinnati ya ga ciniki yana mutuwa ranar Juma'a saboda abokan cinikinsa Katolika ba sa cin nama a ranar, sai ya fito da sanwicin kifi, Filet-O-Fish, a 1962, ya dage har kamfani ya amince. Mutanen nan suna cikin tsarin wani, amma idonsu na kan masu shigowa ƙofarsu, kuma dukiyarsu ce za ta salwanta idan suka yi kuskure. A wurina wannan ne ma'auni: wa ke lura, kuma wa ke ɗaukar asara.

Idan ka karkata ga hayar suna, kada girman kamfani ya rufe maka ido. Quiznos, ita ma mai sayar da sanwici, ta taɓa samun rassa kusan 5,000, ta shigar da takardar karyewa a 2014, bayan masu rassa sun kai ta kotu suna zargin ana tilasta musu sayen kaya da tsada. A Amurka doka ta wajabta a ba ka kundin bayanai mai sassa 23, aƙalla kwana 14 kafin ka sa hannu ko ka biya kuɗi. Sashe na 19 shi ne na abin da rassa ke samu, idan kamfanin ya yarda ya bayyana. Na 20 ya fi muhimmanci, domin a nan za ka ga rassa nawa aka buɗe, nawa aka rufe, da sunayen waɗanda suka bar harkar kwanan nan. Kira su ɗaya bayan ɗaya. Tambaye su nawa ke rage musu a wata bayan an cire komai, ko an taɓa buɗe wani reshe kusa da nasu, da kuma yadda aka yi da su ranar da suka ce suna son sayarwa.