Shy, embarrassed ko ashamed: wacce kunyar ake nufi?

Wata 'yar'uwa ta yi tambaya a zaure: ƙamus ya fassara mata shy, embarrassed da ashamed duk da "kunya", to wacce za ta sa a insha'in jarrabawar WAEC? Malama, ga su a jere.

Shy ba ta da rikici, hali ce. Yarinyar da ke noƙewa a gaban baƙi ba ta yi laifin komai ba, haka Allah ya yi ta: She is shy with strangers.

Aikin yana tsakanin sauran biyun. Embarrassed kunya ce ta idon mutane, kuma ba ta daɗewa. Kin yi tuntuɓe a gaban aji, ko kin kira baƙuwa da sunan wata, ko an yi ta yabonki a taro har kin rasa inda za ki sa kanki. Ba laifi kika yi ba, kuma da babu kowa a wurin da ba ki ji komai ba. Ashamed kuwa zuciyarki ce ke tuhumarki: kin yi ƙarya, kin ci amana, kin ɗaga wa mahaifiya murya. Ko ke kaɗai ce a ɗaki tana nan. Don haka wanda ya ce I was ashamed when my phone rang in the meeting ya ɗora wa ƙaramin abu nauyin zunubi, embarrassed ce ta dace. Wanda kuma ya cinye kuɗin marayu ya ce shi embarrassed ne kawai, mai jin Turanci zai gane tonuwar asirin ce ta dame shi, ba cin amanar ba.

Ƙananan kalmomin da ke bin su ma sun bambanta, nan ne masu jarrabawa ke ɗana tarko. Ashamed tana tafiya da of: ashamed of myself, ashamed of what I did, ko da kalmar "to" idan aikatau ne ya biyo, ashamed to admit it. Embarrassed tana ɗaukar about ko by. Sannan ana cewa an embarrassed smile, amma ba a saba sa ashamed gaban suna ba, sai bayan be ko feel.

Ki kula da ƙarshen kalma. I am embarrassed, ke ce kika ji kunya. I am embarrassing, ke ce ke ba wasu kunya. Ita ashamed ba a yi mata wannan juyin, sai dai shameful, wato aikin abin kunya, da shameless, mara kunya. What a shame kuma galibi jaje ne, kamar a ce kaico. Mai son yin tir sai ya ce shame on you.

A Turancin da ake yi a titunan Najeriya za ki ji an ce he embarrassed me ana nufin cin mutunci a bainar jama'a. A takardar jarrabawa humiliated ki rubuta, ita ce ke ɗauke da wannan zafin.

Mafi haɗari a ganinmu ita ce kunyarmu ta tarbiyya, irin wadda ake ji ta surukai ko ta ɗan fari. Babu ɗaya cikin ukun da ta dace da ita. Idan kika ce I am ashamed of my mother-in-law, kin ce surukarki abin kunya ce a gare ki. Bayani ake yi: I don't say her name, out of respect.

Wajen hadda, kada ki rubuta kalma da fassararta kawai, shi ne ya jawo ruɗanin tun farko. Yanki kati, a gaba ki rubuta abin da ya faru da Hausa, a baya cikakkiyar jimlar Turanci da of ko about ɗinta. Kati biyar a rana sun isa. Ki maimaita washegari, sai bayan kwana 3, sai bayan mako. Embarrassed tana da r biyu da s biyu, kuma ƙarshenta da sautin t ake furta shi. Ashamed gaɓa biyu ce tak, ba a ce mata "ashemed".