Kyamarar ribas a motar gida: aikin Amurka da aikin Apo

Assalamu alaikum 'yan'uwa na Abuja, musamman ogogin riwaya, masu gyaran wayoyin mota, na Apo.

A nan Amurka akwai motar da suke kira RV, bas ce da aka mayar gida, da gado da kicin da banɗaki. Manyansu kan kai mita 10 zuwa 12, direba ba ya ganin komai a bayansa. Tun watan Mayun 2018 doka ta wajabta kyamarar ribas a sababbin motocin da nauyinsu bai wuce fam 10,000 ba, amma manyan motocin gida sun zarce haka, ga tsofaffi birjik, shi ya sa kasuwar kyamarar ke ci.

Kyamarar kanta yawanci 'yar China ce, irin wadda kuke sayarwa. Sai dai ta nan tana zuwa da zanen wayoyi da doguwar waya a kwali ɗaya, in ba ta yi ba kuma shaguna irin su Amazon na karɓar kayansu cikin kwana 30. Wajen aiki kuwa Apo ta fi su nesa ba kusa ba. Kuɗin hannu a garejin RV ya haura dala 100 a awa, lokacin zafi kuma sai mutum ya yi makonni yana jiran layi. Shi ya sa masu motar ke yi da kansu, kuma tsarin da suke bi ne nake so ku duba.

Motar gida tana da batir kashi biyu, duka bolt 12: na inji, da na gida mai ba firji da fitilun ciki wuta. Fitilar ribas a kan na inji take. In aka ɗauki wutar allon da ke nuna hoton daga na gida, ta kyamara daga na inji, aka kuma ɗaura nagetif ɗinsu a wurare daban-daban, sau da yawa layuka za su riƙa yawo a hoton. A ciyar da su daga ɓangare ɗaya. Bayan motar ba ƙarfe ba ne, faiba ne, don haka sai an kai nagetif har shasi, a kankare fenti sai ƙarfe ya yi fari, a ɗaure da noti.

Wayar ribas ba a gane ta da launi. A ja birkin hannu, a buɗe makulli ba tare da tayar da inji ba, wani ya taka birki ya sa ribas, a auna da mita: wayar da ta nuna bolt 12 a ribas ta koma sifili a sauran giyoyi, ita ce. Kyamara ba ta cin fiye da rabin amp, don haka fis mai amp 2 ko 3 ya isa, a sa shi dab da inda aka ɗebo wutar. Nan ne muke sake a gida Najeriya. Ba kyamarar fis yake karewa ba, wayar yake karewa; ranar da ta goge a jikin ƙarfe, ko fis ya tsinke ko mota ta kama da wuta. A murɗe waya a naɗe da salatif kuwa, damina ɗaya ta Abuja ta isa ta mayar da mahaɗar kore shar. A like da dalma, a sa robar da ke tsukewa in ta ji zafi.

Sababbin motoci irin su Sprinter kwamfuta ce ke ba fitilu wuta, wani lokaci a tsittsinke, sai hoto ya riƙa ƙyaftawa ko gargaɗi ya fito a dashbod. Maganinsa rile, wato ƙaramin makunni da lantarki ke kunnawa: ƙafa ta 86 ga wayar ribas, 85 ga nagetif, 30 ga batir ta cikin fis, 87 ga kyamara. Mai son ganin baya ko yana kan titi sai ya haɗa da ƙananan fitilun dare. Haka kyamarorin kamfanin Furrion da yawa suke, sai an kunna fitilu suke aiki.

Wayar hoto mai mita 15 a saye ta guda, mai fil huɗu da ake murɗawa, don bakin RCA, irin wanda ake sokawa a bayan talabijin, yana kwancewa da girgiza, yana kuma shan ruwa. A bi da ita gefen shasi, nesa da salansa, a ɗaure kowane rabin mita. Marar waya ta fi sauƙin sawa, amma a doguwar mota hoton kan tsaya cak daidai lokacin da ake bukatarsa. Ramin da aka huda a sama a sa masa roba, a cika da gam mai hana ruwa, a ɗan lanƙwaso wayar ƙasa kafin ta shiga, don bangon motar akwai katako a ciki, ɗigo kaɗan ke ruɓar da shi.

Duk wannan zai yi muku amfani a Hayis da Kosta da motar asibiti. Ku dai auna kafin ku haɗa: Kosta mai dizal da tireloli bolt 24 suke, kyamarar bolt 12 nan take za ta ƙone sai an sa mata mai rage wuta. In kuma an gama allo ya tsaya baƙi ƙirin, kafin ku ce kaya jabu ne ku duba kwalin, don kyamarar AHD, wato mai sabon tsarin hoto tar-tar, ba ta nunawa a tsohon allon da bai san AHD ba.