Shekara guda da Vaultwarden, ma'ajiyar faswod, a ofis ɗinmu, ga abin da na gani

Mu biyar ne muke kula da sabobi da netwok na wani kamfani a nan Kano, kuma kafin bara wallahi yadda muke ajiye faswod abin tsoro ne. Akwai wani fayil na Excel a kwamfutar oga wanda shi ne na asali, sai kowa ya kwafi nasa a filash, wanda ya canza faswod ɗin rauta kuma sai ya tura sabon a gurup ɗinmu na WhatsApp in ya tuna, in bai tuna ba shikenan sai ranar da wani ya je reshe ya tsaya gaban rautar MikroTik yana ta bugawa tana ƙi. Ni kaina na taɓa yin kusan minti arba'in a ɗakin saba, AC a mace, riga ta jiƙe sharkaf, na kira mutum uku kowa yana karanto min wani daban.

Abin da ya tayar mana da hankali shi ne da wani abokin aikinmu ya samu wani aikin ya tafi. Lafiya lau muka rabu, mutumin kirki ne, amma washegari oga ya tara mu ya ce, "To yanzu waɗanne ya sani?" Kowa ya yi shiru, don amsar ita ce duka, har da na imel ɗin manajan darakta da ba ruwansa da shi.

Mun fara gwada KeePassXC, wata manhajar ajiye faswod, kuma in kai kaɗai ne ban ga abin da ya fi shi ba. Amma fayil ɗaya ne da makulli ɗaya, in mutum biyar suna amfani da shi to mutum biyar sun san makullin, ba yadda za ka ce wane ya ga wannan kar ya ga wancan sai dai ka yi ta raba fayiloli. Maganar ajiyewa a sabar wasu kuwa oga ya ce a'a tun kafin in rufe baki, saboda abin da ya faru da kamfanin ajiye faswod na LastPass a 2022, lokacin da suka sanar a watan Disamba cewa an kwashe kwafin ma'ajiyar kwastomominsu. Gaskiya ne faswod ɗin a rufe suke, amma wanda babban makullinsa mai rauni ne ai ya shiga uku, ɓarawo yana da duk lokacin duniya ya zauna yana gwadawa.

Daga nan muka faɗa kan Vaultwarden. Ga wanda bai sani ba, ba na kamfanin Bitwarden mai manhajar ajiye faswod ba ne, wata saba ce daban da kake ɗorawa da kanka, an rubuta ta da yaren kwamfuta na Rust, da sunanta bitwarden_rs kafin a canza a 2021, amma manhajojin Bitwarden na waya da na burauza duk suna magana da ita. Kwantena ɗaya ce a Docker, wato manhajar da ake ɗora irin waɗannan a kai, tana ajiye bayananta a fayil ɗin SQLite, ba ta cin memori sosai. Ɗorawar ba ta kai min awa ɗaya ba, inda na ɗan sha wuya shi ne HTTPS, don shafin ba zai yi aiki ba sai da satifiket, kuma mu ba ma so ta leƙa intanet, ta WireGuard, wato rufaffiyar hanyarmu ta VPN, kaɗai ake isa gare ta. Da kowa ya buɗe akawun na rufe rajista, muka wajabta wa kowa lambar tabbatarwa ta biyu.

Abin da ya fi burge ni shi ne rabon. Mun kasa kayan gida-gida, na rautoci da suwic daban, na sabobi daban, na imel da domen daban wanda oga da mutum ɗaya kawai suke gani. Yaron da ya zo mana IT, wato ɗalibi mai koyon aiki, mun ba shi na firinta da WiFi kawai. In na canza faswod yanzu, kafin in sauko daga bene ya isa wayar kowa, ba sauran "Malam don Allah turo min sabon". Kuma tunda ba wanda zai haddace, yanzu harafi 24 muke bari ta haɗa mana, an daina sunan kamfani da shekara a ƙarshe. In kuma ɗan kwangila ne yake buƙatar shiga na kwana ɗaya, akwai Send, ka tura masa link ka sa ranar da zai mutu da adadin sau nawa za a buɗe.

Sai dai akwai daren da ba zan manta ba, kuma laifin namu ne ba na manhaja ba. An ɗauke wuta, janareta bai tashi da wuri ba, batirin inbata ya ƙare, komai ya mutu. Da wuta ta dawo babbar sabarmu ta Proxmox, wadda ke ɗauke da ƙananan sabobi a cikinta, ta tashi amma injinan da ke cikinta suka ƙi, har da wanda Vaultwarden take kai. Na zo zan shiga in gyara sai gabana ya faɗi, faswod ɗin root, wato babban akawun na Proxmox ɗin, yana cikin Vaultwarden, ita kuma tana cikin Proxmox. Makullin ɗaki a cikin ɗaki. Abokin aikina ya ciro wayarsa, ashe shi ya saita tasa ta fitar da shi gaba ɗaya in an jima ba a taɓa ba, don haka tana neman saba. Tawa kullewa kawai take yi, kuma manhajar tana riƙe rufaffen kwafi a waya, na sa yatsa ta buɗe, ga shi nan. Na ce Alhamdulillah da ƙarfi har mai gadi ya leƙo. Na karanto masa harafi 24 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya yana bugawa da fitilar waya a baki.

Washegari muka mayar da ita kan wata ƙaramar kwamfuta ita kaɗai da UPS ɗinta, muka rubuta faswod huɗu mafi muhimmanci a takarda, aka liƙe a ambulan oga ya sa hannu a bakin ya jefa a sef. Bakof kuma kullum da dare, fayil ɗin SQLite da sauran abin da ke cikin foldar data, kuma duk bayan wata uku ina dawo da shi a wata kwamfutar in shiga da akawun ɗina in tabbatar yana buɗewa. Don Allah duk wanda zai ɗora wannan abu kar ya tsallake wannan gwajin.

Wani abin da nake so mutane su gane, akwai zaɓin ɓoye faswod ga wasu ma'aikata su yi amfani da shi ba tare da sun gani ba, to kar ka dogara da shi, su kansu Bitwarden sun rubuta cewa ba cikakkiyar kariya ba ce, wanda ya san aikinsa zai ciro. Don haka in mutum ya bar aiki cire shi kaɗai bai isa ba, dole a canza duk abin da ya taɓa gani. Bambancin shi ne yanzu na san mene ne ya gani. Da ɗan IT ɗin nan ya gama, faswod bakwai na canza kafin la'asar na gama, wancan karon kuwa mun fi sati biyu muna yi kuma har yau zuciyata ba ta kwanta cewa mun gama ba.

Sabuntawa ma a wuyanka take, manhajar waya tana sabunta kanta, in ka bar sabar a baya wata rana za su daina jituwa, shi ya sa na sa wa kaina ranar Asabar ta farkon wata. In ba ku da wanda zai ɗauki wannan nauyin da na bakof da gaske, shawarata ku biya kuɗi ku yi amfani da sabar Bitwarden ɗin kanta, ya fi muku kwanciyar hankali. Mu dai muna nan a kanta, kuma watan gobe in Allah ya yarda zan kai wa oga takardar kuɗin YubiKey, wato ɗan makullin tsaro mai kama da filash, guda biyu-biyu ga kowa, ɗaya a aljihu ɗaya a sef.