Kwamitin ƙorafi na ƙungiyarmu: tauraro uku na ba su

Shekara shida ke nan ina biyan riyal 30 duk wata a ƙungiyarmu ta tafintoci a nan Makka, mu da ke shiga tsakanin alhazanmu da Larabawa a asibiti da masauki da kasuwa. Ban taɓa neman kwamitin ƙorafi ba sai bana.

Wani babba cikin masu raba mana aiki ne ya tasa ni gaba da saƙon murya, ƙarfe ɗaya, ƙarfe biyu na dare, maganganun da bakina ba zai iya maimaitawa ba. Na ce masa, "Alhaji, ka ji tsoron Allah, ni fa sa'ar ɗiyarka ce." Bayan kwana uku na wayi gari an cire ni daga zauren WhatsApp ɗin da ake sanar da aiki. Saura mako biyu azumi, kuma duk ɗan sana'ar nan ya san Umarar Ramadan ita ce kakarmu.

In faɗi alherin 'yan kwamitin tukuna. Ofishin ɗan ɗaki ne a saman wani shago wajen titin Mansur. Mace ce ta karɓe ni, dattijuwa. Ta rufe ƙofa, ta zuba mini shayi, ta kife wayarta a kan tebur, ta ce, "'Yata, fara daga farko." Ta saurari saƙonnin nan ɗaya bayan ɗaya tana rubuta rana da lokaci, fuskarta ba ta canza ba. Ba ta tambaye ni irin abayar da nake sawa ba, ba ta ce ina mijina ba. Da wannan fargabar na kwana, wallahi. Ita ce ma ta sanar da ni dokar hana cin zarafi da Saudiyya ta kafa a 2018: ɗaurin da zai iya kai shekara biyu ko tarar riyal 100,000, in a wurin aiki ne kuwa har shekara biyar. Ta ce in na ga dama in kai ƙara ta manhajar jami'an tsaro ta Kulluna Amn, ƙungiya ba za ta hana ni ba. Ban kai ba. Unguwarmu ƙarama ce, kuma mahaifiyata na da hawan jini.

Daga nan abin ya fara tafiyar hawainiya. Mako biyar kafin a zauna. Cikin mutum uku da za su yanke hukunci, ɗaya surukin Alhajin ne, kuma ba wanda ya ga aibin haka sai da na buɗe baki da kaina aka sauya shi.

Sun dakatar da Alhajin daga raba aiki na wata uku, ya rubuto takardar ban haƙuri. To, madalla. Amma cire ni daga zaure fa? Wai kuskuren waya ne. Shugaban ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri, a rufe maganar." A takardarsu akwai layin "cin zarafi", babu layin "an hana ni abinci". Azumi ya wuce ina zaune a gida, abokan aikina na ta kai-komo tsakanin unguwar Misfala da Harami, ba wanda ya lissafa abin da na rasa, balle a yi zancen ramawa.

Rana ta huɗu bayan Sallah aka mayar da ni zauren. Aikin farko da ya faɗo mini, raka wata tsohuwa daga Gusau wajen likitan haƙori.